Turken da Na Bari a Bakin Raga

Laifin nawa ne, daga farko har ƙarshe. Gara in faɗa muku haka tun kafin in shiga labarin, don kada wani ya tsaya nema mini uzuri. Ban taɓa mantawa da ranar wasanmu na farko a gida ba, a shekarar da kwalejin nan ta fara kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Ku da kuke aikin fili yanzu kun tarar da ciyawar roba da fitilu da injin shara. Ni na roƙi shugabanku ya ba ni ɗan lokaci bayan kun tashi aiki, saboda akwai abin da ya kamata ku ji daga bakina, ba daga bakin wani ba.

Sunana Sale. Iyayena mutanen ƙasar Kano ne, sun yi shekaru a Sudan suna aikin auduga kafin su ƙaraso Makka da ni ina ƙarami. Karatuna bai wuce allo da 'yan azuzuwan firamare ba. Na shigo kwalejin a matsayin farrash, wato mai shara da kai takardu da dafa wa malamai shayi. Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, da ta matata da 'ya'yana huɗu, duk a wuyan wannan aikin suke rataye. Ku riƙe wannan a ranku. Ba uzuri ba ne, amma shi ne abin da na yi ta faɗa wa kaina.

Da aka ce kwalejojin yankin za su fara gasa a tsakaninsu, sai mudir, shugaban kwalejin, ya danƙa ƙungiyar a hannun malamin motsa jiki, Kaftin Babikir. Basudane ne dogo, ko masallaci zai shiga da usur a wuyansa. Ya tare ni a bakin ofis ina riƙe da tiren shayi.

"Ya Sale, aje tiren nan. Daga yau kai ne wazirin fili."

Na ce, "Kaftin, wane fili? Wancan kangon da awaki ke kwana?"

Ya ce, "Shi. Kai ne waziri, awakin su ne talakawanka. Fara da korar su."

Haka muka fara, ba mu da komai. Sandunan raga daga tsofaffin bututun ruwa aka haɗa su. Ragar kanta komar masunta ce da wani malami ya taho da ita daga Jidda, mun fi wata muna jin ƙarnin kifi idan rana ta buga ta. Lambobin riguna matata ce ta ɗinka su a kekenta. Layi kuwa da gwangwanin madara nake ja, in huda gindinsa, in cika shi da farar ƙasa, in bi igiya a sunkuye. Kafin kowane wasa tankar ruwa ke zuwa ta yayyafa, don kada ƙura ta tashi. Ana take wasa bayan la'asar, dole a gama kafin magariba. Da ladan ya ɗaga murya, ko ƙwallo na kan layin raga rafali zai busa, kowa ya nufi alwala.

Kaftin yana da doka ɗaya da ba ya ɗaga ƙafa a kanta: duk ɗalibin da aka gani yana buga ƙwallon unguwa a lokacin gasa, an cire sunansa. Ya ce a lungunan nan ake karya ƙafa, sannan a zo a ɓoye masa.

Golanmu Idris ne, ɗalibin shekara ta biyu. A unguwar Tandabawi aka haife shi, nan Makka, daga baya suka dawo unguwar Mansur kusa da mu. Mahaifiyarsa, Inna Rabi, ita ke sayar da waina da miyar taushe a bakin layinmu, kuma tun ina gwauro take zuba mini ba ta karɓar ko sisi. Idris yana kirana Kawu. Hausarsa a karye take, rabi Larabci, ina yawan tsokanarsa.

"Kawu, ka zuba ruwa katir a wajena, ƙasar tana cin gwiwa."

"Ka ce da yawa, ɗan Makka. Katir a gidan wa?"

"Tayyib, da yawa katir," sai ya yi dariya ya ruga.

Wasanni biyu muka buga a waje kafin hutun Hajji. A na biyun Idris ya ture fenareti, ya kuma kama wata da ni kaina na riga na sunkuyar da kai. Bayan wasan wani mutum daga wani babban kulob na Jidda ya ja Kaftin gefe, ya ce zai dawo ya sake kallon golan a wasanmu na gida bayan Hajji, idan ya ga abin da ya gani yau zai tafi da sunansa. Inna Rabi ta raba waina sadaka a kan wannan maganar.

To, ga inda aikina ya shigo. Da lokacin Hajji ya zo, aka ba wani kamfanin motocin alhazai aron filin. Suka jera bas-bas a yamma, direbobi suka kafa tantuna a gabas, daidai inda raga ɗaya take. Tanti kuwa da turakun ƙarfe ake ɗaure shi, kowanne ya kai tsawon taƙi ɗaya da rabi, a buga shi da guduma har kansa ya kusa nutsewa. Idan sun tashi tafiya suna gaggawa, wanda ya ƙi fita sai su yanke igiya su bar shi, iska ta rufe shi da ƙasa.

Kaftin ya san da haka, don haka ya tsara yadda za a karɓi filin. A raba shi da igiya gida-gida, kowane gida faɗinsa taku biyu. In bi kowanne da manjagara daga wannan bango zuwa wancan, duk inda haƙorinta ya yi ƙara in tona. Idan na gama in sa hannu a takarda cewa fili ya tsarkaka, Kaftin ya sa nasa a ƙasan nawa, mudir ya buga hatimi, sannan a sanar da sauran kwalejoji cewa za mu iya karɓar baƙi. Aikin kwana uku ne ga mutum ɗaya.

Na yi kwana biyu cur, na cika bokiti da turaku da murafan gwangwani. Ran na uku da hantsi, saura gidaje biyar ko shida a bakin ragar gabas, sai ƙanena ya zo da mota. Yana da shago a unguwar Misfala kusa da Harami, alhazai kuma na ta haramar komawa gida, kowa na neman tsaraba.

"Yaya, don Allah ka zo ka kama mini. Darduma da dabino da akwatuna, mutane har titi, ni kaɗai ne."

Na ce, "Ban gama ba."

Ya leƙa ya ce, "Wannan ɗan wurin? Kai ma dai. Ga shi nan fes kamar an lashe."

Na duba, wallahi fes yake a ido. Na ja manjagara sau biyu a sama-sama, na naɗe igiyata, na je ofis na sa hannu. Kaftin ko karantawa bai yi ba. Ya ce, "Idan Sale ya ce ya gama, ya gama," ya rattaba nasa. Na ce a raina gobe zan dawo in ƙarasa. Goben ta zo aka aike ni kai takardu, jibi na ja layi, daga nan na manta, ko in ce na bar kaina na manta.

Ranar wasan fili ya cika. Ɗalibai sun hau katanga, an kawo wa mudir da baƙonmu na Jidda kujeru daga ɗakin malamai. A zagayen farko Idris yana ragar yamma, babu abin da ya wuce shi. Sai aka juya ya koma gabas. Na bar inda nake na koma bayan ragarsa da jarkar ruwa, ina kallon ƙasa maimakon ƙwallo.

Ba a daɗe ba aka ɗaɗo wata ƙasa-ƙasa ta hagunsa. Babu kowa kusa da shi. Ya yi tsalle ya kama ta, ya sauka a kan gwiwa. Ƙarar da na ji ba ta ƙasa ba ce. Bai saki ƙwallon ba, amma ihun da ya yi ya sa har na kan katanga suka yi tsit.

Ni na fara isa wurinsa. Na ga kan turken a lanƙwashe, ya ɗan leƙo daga ƙasar da gwiwarsa ta share. Mutane suka rufu a kansa, Kaftin na ihu a kawo bargo a ɗauke shi. Cikin wannan turmutsitsin na durƙusa kamar mai tattara safar hannunsa, na girgiza turken. Ruwan tanka ya jiƙa ƙasar, sai ya fito da sauƙi. Na zura shi a aljihun jallabiyata, na take ramin da ƙafa. Duk wannan bai kai a karanta Fatiha ba.

Ƙoƙon gwiwar ya tsage. Baƙon Jidda ya tafi tun kafin magariba, bai sake dawowa ba.

Bayan kwana huɗu mudir ya kafa kwamiti na mutum uku. Idris daga gadon asibiti ya aiko cewa ƙarfe ya faɗa wa a cikin ƙasa. Suka fita da manjagara suka duba bakin ragar, ba su samu komai ba, saboda washegarin wasan da sassafe na riga na bi wurin na ciro wasu guda uku na zuba a shara. Sannan aka kira ni. Mudir ya ajiye takardar da na sa wa hannu a gabana.

"Wannan hannunka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Ka bi filin duka?"

"Duka."

"To me ya fasa gwiwar yaron nan? Idan fili ne, ya Sale, ka san ba zan iya riƙe ka ba."

Da na tsaya a nan, da laifina ɗaya ne da rabi. Amma na ga iƙama, na ga 'ya'yana a bakin jirgi za a kai su ƙasar da ba su taɓa gani ba. Sai bakina ya ce, "Ana gobe wasa na gan shi a filin unguwa a Mansur. Da zai tafi kamar yana ɗingishi."

Na gan shi, gaskiya ne. A tsaye yake a gefe, hannu a aljihu, yana kallon ƙannensa suna bugawa. Ko ƙwallon bai taɓa ba.

Kaftin ya rufe ido ya ce, "La haula. Kuma sai da na gaya musu." A ranar aka rubuta cewa ɗalibin ya karya doka, ya ɓoye tsohon ciwo, ya kuma yi ƙoƙarin ɗora wa fili. Aka cire sunansa daga ƙungiya tun yana kwance.

Muka ƙarasa gasar da wani gola da ko jefa masa lemo aka yi sai ya faɗi. Aka yi ta ɗura mana. Ni kuwa tun daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. Kullum ina cikin fili da manjagara, da safe, da azahar, har ranar da babu wasa. In bi gida in dawo in sake bin sa, ko na san babu komai. Malamai suka fara nuna ni suna cewa ga ma'aikaci. A ƙarshen shekara mudir ya kira ni gaban jama'a ya ba ni takardar yabo saboda kula da fili. Na karɓa, na yi godiya, na kai ta gida na tura ƙarƙashin katifa a kife.

Turken kuma na kasa jefarwa. Sauran ukun ban ji komai ba da na zubar, amma wannan na sa shi a sito bayan buhun farar ƙasa. Bayan mako na ga kamar za a gani, na mai da shi cikin tsohon takalmi. Daga nan saman kabad, daga nan gida cikin akwatin takardu. Sau biyu ina fita da shi da niyyar wurga shi a kwandon shara, in kai bakin kwandon in dawo da shi. Na canja hanyar zuwa aiki don kada in bi ta gaban Inna Rabi. Ita kuwa sai ta aiko da waina har gida, a ce tana tambaya ko lafiya ba ta ganina. In zauna a gaban kwanon in kasa ci, matata ta ce, "Malam, wai me ke cin ka ne?" In ce zafi ne.

Idris ya dawo da sanda ya ƙarasa karatunsa. Idan muka haɗu a baranda yakan ce, "Salamu alaikum, Kawu," ya wuce. Ba tsokana, ba dariya. Na yi Umara ban san iyaka ba a shekarun nan, ina kewaya Ɗakin Allah ina neman gafara, alhali na san malamai sun faɗa, haƙƙin mutum sai mutumin ya yafe. Daga Harami zuwa inda Idris yake tafiyar ƙafa ce. Na fi shekara talatin ban yi ta ba. Kaftin ya koma Sudan, ya rasu a can yana ganina mutumin kirki. Na yi ritaya da wannan sunan.

Abin da ya karya ni shi ne rasuwar Inna Rabi a bara. Aka yi mata salla a Harami bayan la'asar. Kun san yadda ake fita da gawa a nan, da sauri ake tafiya, kafaɗa na karɓa daga kafaɗa. Idris ya kama gaban makarar uwarsa. Bai yi taku ashirin ba ƙafar ta ƙi, wani ya karɓe shi, makara ta yi gaba. Na gan shi a baya yana jan ƙafa, yana ture mutane yana cewa, "Ummi ce, ku jira, ummi ce," ba mai jin sa. Ina bayansa da 'yan taku kaɗan. Ni na san wanda ya hana shi raka uwarsa.

Kafin in gaya muku yadda na tunkare shi, ga abin da ya kawo ni. Aikinmu aiki ne da ba a ganinsa sai ranar da ba a yi shi ba. Ba wanda zai tafa muku don kun bi gidan ƙarshe na fili, kuma ba wanda zai sani idan kun tsallake shi, sai gwiwar ɗan wani. Hannun da kuke sawa a takarda, wanda ke sama da ku ba zai duba ba, da amanarku yake sa nasa. Idan kuma ta ɓaci, ku faɗa a ranar. Turken nan ya ci ƙafa ɗaya ne, bakina ya ci abin da ya fi ƙafa.

Na bari aka share makoki, sannan na naɗe turken a tsumma na nufi Misfala da hantsi. Idris yana da ɗan shago a wani lungu, yana gyaran kekunan da ake tura tsofaffi da marasa lafiya a ɗawafi. Na same shi zaune a ƙasa, ƙafar a miƙe, yana ɗaure wata taya. Gemunsa ya yi furfura.

"Kawu Sale. Tafaddal, shigo. A kawo shayi?"

Na ce a'a. Na kasa zama, na kasa tsayawa. Na ɗauki wata taya na ajiye, na gyara hulata, na yi masa gaisuwar da na riga na yi masa sau biyu. Ya bar ni ina ta kewaye-kewaye har na gaji. Sannan na kwance tsumman na ajiye turken a gabansa.

Ya daɗe yana kallon sa. Ya ɗauka, ya shafa kan da ya lanƙwashe da babban yatsa.

"Ashe ƙarami ne," in ji shi. "A raina ya fi haka girma."

Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu.

"Na gan ka, Kawu. Ina kwance, fuskata na wajenka. Aljihun dama."

Na zauna a kan wani keken da ba taya.

"Me ya sa ba ka faɗa wa kwamiti ba?"

"Na faɗa wa Inna tukuna, a asibiti. Ka san me ta ce? Ta ce, 'Rufe mini baki. Sale ba ya ƙarya. Ka je ka yi wasanka na unguwa, yanzu za ka ɗora wa mai 'ya'ya huɗu, a kore shi daga ƙasa?' Ta sa na rantse ba zan sake ambaton sunanka ba." Ya juya turken a hannunsa. "Ƙafa, khalas, ta wuce, abin da Allah ya rubuta ne. Jidda ma wa ya sani, wataƙila da sun kore ni bayan wata biyu. Amma Inna, ya Kawu. Duk lokacin da na faɗi magana a gida ta yi shakka, sai ta ce, 'Kamar dai ƙarfen fili.' Har a ciwonta na ƙarshe ta faɗa, tana dariya. Ta tafi tana ganin na yi mata ƙarya. Layi ɗaya ne tsakaninku. Da bara ka zo, tana da rai."

Wani alhaji ya leƙo yana tambayar kekensa, Idris ya ce masa ya dawo bayan azahar. Ya ja ƙofar shagon rabi, ya dawo ya zauna, ya ajiye turken a tsakaninmu.

"To, faɗi abin da ya kawo ka. Amma kada ka yi mini Larabci. Faɗa da Hausa, yadda da za ka faɗa a gabanta."

Na sauko daga kan keken na durƙusa a ƙasa, na cire hulata.

"Idris, ban gama sharar filin ba, na sa hannu na ce na gama. Ƙarfen da ka ce ka faɗa wa, gaskiya ka faɗa, ga shi nan, ni na cire na ɓoye. Ba ka buga ƙwallon unguwa ba, ban ga kana ɗingishi ba, ƙage na yi maka don in tsira da aikina. Na ci abincin uwarka shekara da shekaru na bar ta tana ƙaryata ɗanta saboda ni, har na makara. Zan je in faɗa wa ƙannenka, in faɗa a masallacin layinmu, in faɗa a kwalejin. Ban cancanta ba, kuma ko ka ƙi ba ka zalunce ni ba. Don girman Allah, ɗan Rabi, ka yafe mini."